Babban Baƙi ko Ƙarami: Yadda Ake Rubuta Sunan Fanni da Sunan Kwas a Turanci

Duk wanda ya saba duba wasiƙun neman gurbin karatu, takardun neman aiki ko kundin bincike da aka rubuta da Turanci ya sha cin karo da jimla irin wannan: “I studied Physics, Chemistry and Biology.” Haruffan kowace kalma sun cika, amma manyan baƙaƙen nan uku babu abin da ya kawo su wurin. Yadda ya kamata a rubuta shi ne “I studied physics, chemistry and biology.” Yawanci girmamawa ce ke jawo kuskuren. Mutum ya sha wahalar fanninsa shekara da shekaru, sai ya ga kamar rena shi ne a fara sunansa da ƙaramin baƙi. Turanci kuwa ba ya raba babban baƙi bisa daraja. A tsakiyar jimla, sunan yanka yake bai wa, wato sunan wani abu guda takamaimai da aka raɗa masa. Sunan fanni suna ne gama-gari, sunan kwas kuma sunan yanka ne. Kamar “river” ne da “River Nile”: na farko kowane kogi ne, na biyu kogi ɗaya ne tak.

Fanni: ƙaramin baƙi, sai in akwai sunan yanka a ciki

Fannonin ilimi duka da ƙaramin baƙi ake rubuta su a cikin jimla: mathematics, history, economics, law, medicine, engineering, computer science, political science, public health. Haka nan rassansu, irin su organic chemistry, civil engineering da criminal law. Ko da fannin ne mutum ya yi digiri a kai, hukuncin bai sauya ba: “She majored in economics”, “He has a degree in mechanical engineering.”

Togaciya ta farko ita ce sunayen harsuna. English, Arabic, French, Hausa, Swahili da Latin kullum da babban baƙi suke farawa, ko ana nufin harshen, ko darasinsa, ko mutanensa. Shi ya sa jimlar da take daidai kan yi kama da wadda aka yi kuskure a ciki: “My subjects were English, geography, Arabic and mathematics.” Biyu da babba, biyu da ƙarami, kuma haka ya dace. Kada ka gyara ta don ta yi kyan gani. Wanda ya fara koyon Faransanci kafin Turanci ya ƙara kula a nan, domin Faransanci da ƙaramin baƙi yake rubuta sunayen harsuna, kuma hannu kan bi abin da ya saba.

Togaciya ta biyu ita ce sifar da aka samo daga sunan wuri, al'umma, addini ko mutum. Kalmar da ta fito daga sunan yanka kaɗai ke ɗaukar babban baƙi, abokiyar tafiyarta tana nan da ƙarami. Ana rubuta African history, European literature, Islamic studies, Christian theology, Roman law, Euclidean geometry, Newtonian mechanics, Boolean algebra, Bayesian statistics, Keynesian economics. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne babban baƙin kalmar farko ya ja ta biyu, a rubuta “She teaches Islamic Law” alhali fannin ake nufi gaba ɗaya. “Islamic law” ne daidai.

Sunayen zamunna na buƙatar natsuwa. Renaissance da Middle Ages sunayen yanka ne, don haka a rubuta “Renaissance art” da “the history of the Middle Ages”. Amma medieval, ancient, modern da colonial sifofi ne kawai: medieval history, ancient philosophy, colonial literature. Western da Eastern kan ɗauki babban baƙi idan al'ada ko yanki ake nufi, kamar “Western philosophy”. Akwai kuma 'yan kalmomin da al'ada ta ware, waɗanda ba a gane su da ƙa'ida sai da ƙamus. Bible da babban baƙi ne, amma “biblical studies” da ƙarami, alhali “Qur'anic studies” na riƙe da babbansa. Masana lissafi da dama na rubuta “abelian group” da ƙaramin baƙi duk da cewa daga sunan Niels Henrik Abel kalmar ta fito. In ka yi shakkar irin waɗannan, ƙamus mai kyau zai raba gardama cikin daƙiƙa kaɗan.

Wani tarkon shi ne taƙaitaccen suna. Don ana rubuta IT, AI ko STEM da manyan baƙaƙe, ba dole ne cikakkun kalmomin su zama haka ba. Information technology da artificial intelligence fannoni ne, ƙaramin baƙi ne rabonsu a cikin jimla.

Kwas: sunan da ke cikin kundin makaranta

Kwas shi ne darasin da makaranta ta tsara, ta raɗa masa suna, sau da yawa ta ba shi lamba, ta sa shi a jadawali, kuma zai fito a takardar sakamako. Wannan sunan ana rubuta shi da manyan baƙaƙe a farkon muhimman kalmominsa: Biology 101, Algebra II, Introduction to Organic Chemistry, Principles of Microeconomics, Research Methods in Education. A mafi yawan salo ba a sa shi cikin alamar zancen wani, ba a karkata rubutunsa, ba a ja masa layi. Manyan baƙaƙen sun wadatar wajen nuna inda sunan ya fara da inda ya ƙare. Lambar kwas kuma a kwafe ta yadda take, da tazararta ko rashinta. In kundin ya ce CHM 101, kada ka mayar da ita Chm101.

Ga hanyar gwaji in ka tsaya a kan kalma kana shakka. Da farko ka tambayi kanka: zan iya buɗe kundin kwasa-kwasan makarantar in sami waɗannan kalmomi a jere, a matsayin sunan darasi guda? In amsar i ce, kuma shi kake nufi, sa manyan baƙaƙe. In akwai lamba a manne da shi, an gama magana, kwas ne. Sai gwaji na biyu: duba abin da ke kewaye da kalmar. In “a”, “an”, “some” ko “my” sun gabace ta, sannan “course”, “class”, “teacher”, “exam” ko “textbook” suka biyo bayanta, to bayani kake yi, ba kiran suna ba. Saboda haka “a chemistry course”, “my history teacher”, “the statistics exam”. Bayan wannan, ka sake bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya ka ga ko akwai sunan harshe, wuri ko mutum da zai riƙe babban baƙinsa ko ta halin ƙaƙa, kamar “my French teacher”.

Wurin da ya fi wuya shi ne inda sunan kwas da sunan fanni suka zo iri ɗaya. Duba waɗannan jimloli biyu: “She teaches organic chemistry” da “She teaches Organic Chemistry on Mondays.” Duka daidai ne, amma ba abu ɗaya suke faɗi ba. Ta farko na gaya mana fannin malamar, ta biyu na nuni da wani kwas da ke kan jadawali da wannan suna. Marubuci ne ya san abin da yake nufi, kuma baƙin da ya zaɓa shi ne zai isar da nufin ga mai karatu. Shawararmu a irin wannan hali: in kwas kake nufi kuma lambarsa na hannunka, rubuta ta, don kada a zaci kuskure ka yi. In ba ka da tabbacin sunan kwas ɗin a hukumance, koma ƙaramin baƙi ka bayyana shi.

Wannan batu na ƙarshe ya fi ƙarfin ado. A ce sunan kwas a takardar sakamako “Principles of Microeconomics” ne, kai kuma a wasiƙarka ka rubuta “I took Introductory Microeconomics.” Ka ƙirƙiri sunan da babu shi. Jami'in da ke gwada wasiƙarka da takardar sakamakonka, musamman wajen neman a amince da kwas ɗin da ka yi a wata makaranta, zai nemi wannan suna ya rasa. Ko dai ka kwafi sunan harafi da harafi, ko ka ce “I took an introductory microeconomics course.” Babu hanya ta uku. Haka in za ka gajarta dogon suna bayan ka ambace shi sau ɗaya: “the methods course” ya fi aminci a kan “the Methods Course”.

Waɗanne kalmomi ne ke ɗaukar babba a cikin sunan?

Ba kowace kalma ba. Tsarin da ake bi shi ne na taken littafi. Kalmar farko da ta ƙarshe da babban baƙi suke farawa, kowace iri ce. Haka suna, aikatau, sifa, bayanau da wakilin suna. Waɗanda ake bari da ƙarami su ne a, an, the, da mahaɗai irin su and, but, or, da gajerun kalmomi irin su of, in, to, for, on, at, by. Shi ya sa ake rubuta “History of the Modern World” da “Law and Society in Africa”.

Gajartar kalma ba ita ce ma'auni ba, aikinta a jimla ne. “Is” aikatau ne, don haka “What Is Philosophy?” da babban I. Kalmar da ta biyo bayan ɗigo biyu a cikin take ita ma babba ce, ko da “a” ce ko “the”: “Climate Change: An Introduction”. In kalma biyu aka haɗa da karan ɗori kuma kowace na iya tsayawa da kanta, duka biyun da babba: “Nineteenth-Century Literature”, “Problem-Solving in Physics”.

Saɓanin da ke akwai yana kan dogayen kalmomi irin su with, from, between, through da among. Littattafan ƙa'idojin rubutu na Amurka ba su yi ittifaƙi ba. Salon AP, na 'yan jarida, da salon APA, wanda aka fi bi a fannonin halayyar ɗan Adam da ilimi, suna sa babban baƙi ga duk kalmar da ta kai harafi 4. Salon MLA, na fannonin adabi da harsuna, yana barin irin waɗannan kalmomi da ƙarami komai tsawonsu. Chicago Manual of Style ma haka yake yi har bugu na 17 na 2017, amma a bugu na 18 da ya fito a 2024 ya koma sa babba ga masu harafi 5 zuwa sama. Sakamakon haka, “Working With Data” daidai ne a APA, “Working with Data” kuma daidai ne a Chicago da MLA. Wannan bai kamata ya ɗaga wa kowa hankali ba. In kwas ɗin na nan a kundin makaranta, bi yadda makarantar ta rubuta. Wasu jami'o'i, musamman a Birtaniya, kalmar farko kaɗai suke bai wa babban baƙi a sunayen kwasa-kwasansu, kamar “Introduction to organic chemistry”. In kana jero kwasa-kwasai daga makarantu daban-daban a takarda ɗaya, zaɓi tsari guda ka daidaita su a kai, muddin kalmomin kansu ba su sauya ba.

Digiri, sashe da muƙamin malami

A nan ma tambayar ɗaya ce: sunan hukuma ne ko bayani? “A bachelor's degree”, “a master's degree” da “a doctorate” bayani ne, ƙaramin baƙi. Ka kula da ɗan waƙafin da ke sama kafin s: master's ne, ba masters ba. Cikakken sunan digiri kuwa ba shi da wannan alama: Bachelor of Science, Master of Arts, Doctor of Philosophy. “Master's of Science” kuskure ne da ake yawan gani. AP na rubuta cikakken sunan da manyan baƙaƙe, Chicago kuma ya fi son ƙarami a cikin jimla in ana maganar digirin gaba ɗaya, tare da yarda da babba a wuri irin CV. Fannin da ya biyo baya yakan zauna da ƙarami: “a Bachelor of Science in chemistry”, “a PhD in linguistics”, amma “an MA in English”. Lura da “an” a gaban MA da MSc, domin sautin da ake furtawa ne ke hukunci, kuma da wasali yake farawa. Birtaniya da ƙasashen da ke bin tsarinta na rubuta BSc da MSc, Amurka ta fi rubuta BS da MS. AP na sa aya a tsakani, kamar Ph.D., Chicago ba ya sawa.

A Birtaniya akwai al'adar da ya kamata a sani, domin a can kalmar “course” kan nufi shirin digirin gaba ɗaya, ɗaiɗaikun darussan cikinsa kuma a kira su “modules”. Ƙa'idar rubutu ta Jami'ar Oxford ta tanadi a sa babban baƙi ga sunan fanni in yana cikin sunan shirin karatu, a bar shi da ƙarami a sauran wurare. Don haka za ka ga “Philosophy, Politics and Economics” da manyan baƙaƙe in ana nufin sanannen digirin nan na Oxford, amma “she enjoys philosophy” da ƙarami. Wannan ba saɓa wa ƙa'ida ba ne, shirin ne ya zama abu mai sunan yanka.

Sashe da tsangaya: cikakken sunan hukuma da babba, “the Department of History”, “the Faculty of Law”, “the School of Medicine”. In aka juya shi ya zama bayani, ƙarami: “the history department”, “the law faculty”, “the medical school”. In aka sake ambatonsa a gajarce, “the department” ne, ba “the Department” ba, ko da yake takardun cikin gida na makarantu da yawa na yin hakan. AP ya fi kowa tsanani, yana rubuta “the department of history” da ƙarami sai in an haɗa da cikakken sunan jami'ar.

Muƙami in ya gabaci suna ya zama ɓangarensa, babba: “Professor Hawking”. In ya biyo bayan suna ko ya tsaya shi kaɗai, ƙarami, shi da fanninsa: “a professor of mathematics”. Kujerar da aka raɗa wa suna daban take. Stephen Hawking ya riƙe muƙamin “Lucasian Professor of Mathematics” a Jami'ar Cambridge daga 1979 zuwa 2009, kuma wannan muƙami ko'ina ya zo da manyan baƙaƙe ake rubuta shi, har da Mathematics ɗin. Sunayen jarrabawa ma haka ne, sunan jarrabawar da babba, fannin da ƙarami: “GCSE maths”, “A-level physics”.

Jimla daban, jeri daban

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi rubutu mai gudana ne, wato jimla a cikin sakin layi. A kan takardar shaida, a jadawali, a kan tebur, a kanun sashe ko a layin CV, ana iya bin tsarin take. Layi kamar “BSc, Mechanical Engineering, 2021” a CV babu laifi a cikinsa, domin kanu ne, ba jimla ba. Matsalar kan taso ne in mutum ya ɗauko wannan layi ya dasa shi cikin wasiƙar da ke rakiyar CV ɗin ba tare da ya sauke baƙaƙen ba. A wasiƙa, “I hold a BSc in mechanical engineering” za a rubuta. Takardar sakamako kuma sau da yawa da manyan baƙaƙe zalla ake buga ta, har da gajarce-gajarce irin “INTRO TO ORG CHEM”. Kada a kwafi wannan cikin jimla. A nemo cikakken sunan a kundin kwasa-kwasai a rubuta shi da tsarin take.

Kwas ɗin da aka yi da wani harshe, aka fassara sunansa zuwa Turanci, a yi amfani da fassarar da makarantar ta bayar ko wadda ke kan fassararriyar takardar sakamako, a sa mata manyan baƙaƙe kamar kowane sunan kwas. In babu fassarar hukuma, bayani da ƙaramin baƙi ya fi.

Kada a dogara da kwamfuta

Manhajar duba kuskuren haruffa ba ta kama wannan matsala, domin “Physics” da “physics” duka kalmomi ne ingantattu a wurinta. Za ta ja layi a ƙarƙashin “english” ko “arabic” in an rubuta su da ƙarami, amma babban baƙin da ya wuce gona da iri sai ya wuce ta salin-alin. A Microsoft Word, danna Shift da F3 tare na jujjuya baƙaƙen abin da aka zaɓa, amma zaɓin da ke sa babba a farkon kowace kalma ba ya bambanta muhimmiya da ƙarama, sai ya ba ka “History Of The Modern World”. Dole ka bi da hannu ka sauke of da the. Excel ya fi ɓarna: umarnin PROPER na sa babban baƙi ga duk harafin da ya biyo bayan alama, yana kuma sauke sauran, sai “master's” ya koma “Master'S”, “DNA” ya koma “Dna”, “Algebra II” ya koma “Algebra Ii”. Mai shirya jerin kwasa-kwasai masu yawa da wannan umarni ya ware lokacin bin layukan ɗaya bayan ɗaya.

In ka gama rubutu, yi masa karatu na musamman domin wannan kaɗai. Buɗe wurin bincike, kunna zaɓin da ke bambanta babban baƙi da ƙarami, ka nemi sunan fanninka da babba. Duk inda ya fito, duba ko farkon jimla ne, ko cikin sunan kwas, sashe, digiri, mujalla ko ƙungiya. In ba ɗaya daga ciki ba ne, sauke shi, sai in sunan harshe ne ko kalmar da ta fito daga sunan yanka. Sai ka sake neman sa da ƙarami, ka tabbatar babu sunan kwas da ya sulale a haka. Maimaita wannan ga Department, Faculty, Degree, Course, Professor da University, domin su ne suka fi ɗaukar babban baƙin da ba nasu ba. In mujalla, jami'a ko ma'aikatar da za ka miƙa wa rubutun tana da nata littafin ƙa'idoji, buɗe shi kafin wannan karatu, ka rubuta hukuncinsa kan abu uku a gefen takarda: sunan digiri, sunan sashe, da kalmomi irin with da from a cikin take. A kan waɗannan ukun ne salo ke saɓawa da juna.